Wutar da Ba Ta Yanke Ba

Da hantsin wata Talata, tsakiyar hunturu, aka tsinci Safwan kwance a banɗakin gidan hayar ɗalibai da ke Villeurbanne, gefen birnin Lyon na Faransa, ruwa na zuba a kansa, hannunsa ɗaya a jikin famfo. Ɗan Tawa ne, yana shekararsa ta ƙarshe a makarantar injiniyoyi. Likita ya ce wutar lantarki ce ta tsayar masa da zuciya. 'Yan sanda suka zo da gwaninsu, ya leƙa akwatin wutar gidan, ya danna abin da zai danna, ya ga kome na aiki. Aka ce hatsari ne, aka rufe magana.

Hausawan Lyon ba su rufe ba. A zauren da ƙungiyarsu ke taro a Bron, inda aka yi zaman makoki, ana shafa fatiha ana raɗa, kuma sunan mutum ɗaya ne ke yawo daga kunne zuwa kunne: Ilya, ɗan Maraɗi, abokin ɗakin mamacin. Ilya na kai wa mutane abinci a kan keke mai batir, ɗakinsa cike da wayoyi da yake caji da su. An ce sun yi faɗa da Safwan makon da ya wuce. An ce takardun zamansa sun ƙare. Har wani ya ce ai idonsa ma bai yi ja ba.

Kamalu na zaune can gefe yana jin su. Mutumin Damagaram ne, injiniya, sana'arsa shiga gidajen mutane ya gwada wayoyinsu. Dokar ƙasar ta ce gidan da wayoyinsa suka haura shekara goma sha biyar ba a ba da shi haya sai an gwada, in gwajin ya tsufa a sake. Ya daɗe yana wannan aiki, har abokai na tsokanarsa da cewa kakansa ya bi sawun raƙuman sata, shi kuma yana bin sawun kuran, wato wutar lantarki, a bango.

Da aka watse, wata mata cikin baƙin mayafi ta tare shi a bakin ƙofa. Shamsiya ce, yayar Safwan, ma'aikaciyar wani ɗakin bincike a Paris. Suka gaisa, ya yi mata gaisuwar rashi, ta amsa da murya a bushe.

"Malam Kamalu, an ce mini kai ka san wuta. Ni na kawo yaron nan ƙasar ga. Innarmu na tambayata mi ya kashe shi, ban da abin ce mata. Ka duba mini."

"Ni ba ɗan sanda ba ne, Shamsiya."

"Na sani. Su sun gama nasu."

Bai so ba, don gidan na Alhaji Mamane ne, dattijon da ya yi ritaya daga wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa ya sayi tsohon gidan yana zuba ɗaliban da ba su da mai tsaya musu wajen masu haya. Shi kansa Kamalu a falon Alhaji ya yi watanninsa na farko a Faransa. Amma ya dubi fuskarta, ya ce to.

*

Ilya ne ya buɗe masa gidan washegari. Duk sauran ɗaliban sun tafi makaranta. Gidan na warin danshi da soyayyar albasa, fentin bango ya kumbura kamar miki.

Kamalu ya fara da banɗaki. Tukunyar ɗuma ruwa na rataye a bango, ya kwance ƙasanta ya haska. Ƙarfen da ke zafafa ruwan tsatsa ta cinye shi, wuta na tsiyaya cikin ruwa kai tsaye. Wayar nan mai kore da rawaya, wadda ya kamata ta kwashe irin wannan yoyo ta kai ƙasa, tana lilo, ba a haɗa ta da kome ba. Ya bi ta da ido har inda ta shige bango, ya gwada da na'urarsa. Gidan gaba ɗaya ba shi da hanyar ƙasa.

Wannan bai ba shi mamaki ba, ya ga irinsa ba adadi. Abin da ya tsayar da shi yana cikin akwatin wuta a zaure. Akwai makunnin kariya a ciki, wanda ake kira diferansiyel. Aikinsa ɗaya ne: yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ko kaɗan ta ɓace a hanya, ta bi ruwa ko jikin mutum, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Kamalu ya gwada shi, ya yanke nan take. Ya mayar, ya kunna tukunyar, ya sake yankewa. Lafiyarsa lau.

Ya tsaya yana kallonsa. Mai gadi a farke, ƙofa a kulle, amma an yi sata.

"Ilya, zo ka zauna. Me ya haɗa ku faɗa?"

"Yaya Kamalu, wallahi a kan taga ne. Shi yana son iska, ni sanyi nake ji. Shi ke nan."

"Nuna mini batiranka."

Ya nuna. Tarkace ne masu haɗari, suna iya tayar da gobara, amma ba su da wata hanya zuwa banɗaki. Kamalu ya faɗa masa haka. Ilya ya sauke ajiyar zuciya, amma bai ɗago ido ba.

"Wannan makunnin yana yankewa da?"

"Da farkon sanyi kullum. Ka shiga wanka, ɗif. Kana karatu, ɗif."

"Sai kuma?"

"Sai ya daina."

"Haka kawai?"

Ilya ya shafa gwiwarsa. "Ni ina waje kullum, Yaya. An ce an gyara."

"Wa ya gyara?"

"Ban sani ba."

Kamalu ya san ƙarya idan ya ji ta, amma ya ga tsoro ne ya haife ta, sai ya ƙyale shi.

*

Alhaji Mamane ya karɓe shi a Bron da shayi da dabino. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya rame cikin kwanakin nan, rigarsa ta yi masa yawa.

"Ɗana, na ji Shamsiya ta sa ka aiki. Ka yi, ba ni da abin ɓoyo. An gwada gidan nan kafin yaran su shiga, yadda doka ta ce."

"Me mai gwajin ya ce, Baba?"

"Abin da kukan ce. Wannan bai yi ba, wancan ya tsufa. Na tambaye shi, to an hana ni ba da haya? Ya ce shi nasa faɗa ne, ba hani ba."

Gaskiya ne, kuma ita ce gaskiyar da ta fi damun Kamalu a sana'arsa. Mai gwaji ya gwada, ya faɗi abin da ya gani, ya tafi. Ba wanda zai dawo ya ga ko an gyara, sai in wani ya kai ƙara, ɗalibin da ke neman inda zai sa haƙarƙarinsa kuwa ba ya kai ƙara.

"Wa ya ɗaura tukunyar?"

Alhaji ya kurɓi shayi. "Wani yaro, Moussa. Ya ce ya iya. Da na san hannunsa bai nuna ba, da ban ba shi ba. Ya gudu Paris, an ce yana wajen Porte de la Chapelle." Ya ajiye kofinsa. "In ka same shi, ka bi a hankali. Mu baƙi ne a ƙasar nan. Abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa duka."

*

Ranar Asabar Kamalu ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris. A Porte de la Chapelle motoci na gudu a kan gada, a ƙarƙashinta mutane na baje kaya a kan kwali, ido ɗaya kan mai saye, ɗaya kan hanyar da 'yan sanda ke ɓullowa. Ya tambayi mai sayar da safa, aka tura shi wajen mai sayar da taba, shi kuma ya rantse bai taɓa jin sunan ba. Sai da ya zauna ya sha kofi da wasu 'yan Agadas, suka gane harshensa na gida ne, sannan aka nuna masa wani siriri mai sayar da cajar salula.

Moussa na jin sunan Alhaji ya fara naɗe kwalinsa.

"Tsaya, ba kama ka na zo yi ba. Ka ji abin da ya sami Safwan?"

Ya ji. Ya zauna a kan dakali, ya rufe fuska da hannun hagu. Na daman yana cikin aljihu.

"Ni na ɗaura tukunyar, Malam, tsohuwa ce aka sayo. Na ce ma Alhaji babu inda zan haɗa wayar ƙasa. Ya ce in bar ta, za a yi daga baya."

"Da sanyi ya shigo makunni ya riƙa yankewa. Kai aka kira?"

Moussa ya zaro hannun daman. Yatsu uku sun ƙage, wuyan hannun ya karkace, ga tabon ɗinki har gwiwar hannu.

"Tun damina na faɗo daga bene wajen aikin gini a nan Paris. Cokali ma da ƙyar nake riƙewa. Rabona da Lyon tun kafin wannan."

Kamalu ya dubi hannun. Ba mai ɗaure kusa da irin wannan hannu. Ya sayi cajar da ba ya bukata, ya yi masa sallama.

Shamsiya na jiransa a tashar jirgi. Ya faɗa mata abin da ya samu, wato ba kome. Ilya bai yi ba, Moussa bai yi ba, makunni kuma lafiyarsa lau.

"Ke nan hatsari ne, yadda suka ce."

"A'a. In makunnin nan na aiki ranar, da ƙanenki na raye. Wani ya ɗaure masa hannu, wani kuma ya kwance bayan an gama."

*

Kamalu ya koma gidan ɗaliban ranar Litinin da rana. Wannan karon bai tsaya a danna maɓalli ba. Ya kashe wutar gidan daga tushe, ya sa turnabis, abin kwance kusa, ya cire murfin akwatin gaba ɗaya.

Ƙura ta yi kauri a ciki, ta shekaru. Amma kusoshi huɗu na diferansiyel, biyu sama biyu ƙasa, kawunansu na ƙyalli, an ƙuje su kwanan nan, kuma da gaggawa, don bakin turnabis ya zame ya karci roba. Ya sassauta ta ƙasa a hankali, ya tara tafin hannunsa. Wani abu ya faɗo.

Silin waya ne guda-guda, sirara kamar gashi, farare. Wayar gida jan ƙarfe ce mai kauri, sanda ɗaya. Waɗannan ba nata ba ne. A jikinsu akwai ɗan guntun roba garai-garai da ta narke, da jan layi a gefe.

Ya juya abin a tafinsa. An ɗauko waya an tsallake makunnin, daga sama zuwa ƙasa, yadda wuta za ta bi ta gefensa ba tare da ya ji ba. Kuma ba wayar gini ba ce. Wayar lasifika ce.

Ya zagaye gidan ɗaki ɗaki, babu lasifika ko ɗaya. Ya zauna a matakala yana tunanin inda Bahaushe zai sami irin wannan waya a Lyon ba tare da ya saya ba. Bai daɗe ba ya miƙe ya hau taram, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Bron. Kayan sautin ƙungiya, na taron salla da na suna, a garejin Alhaji ake ajiye su. Hajiya Aïssata, matar Alhaji, ta ba shi makulli ba tare da ta tambayi dalili ba.

Naɗin wayar na rataye a ƙusa, garai-garai, da jan layi. A cikin kwandon shara na ƙarfe da ke bayan ƙofa, ƙarƙashin tsumma, ya sami guntaye biyu, kowanne kamar tsawon taki, bakinsu ya yi baƙi.

Ya daɗe a tsaye cikin garejin. A nan ya ajiye akwatinsa shekarar da ya zo.

*

Ya tara su ranar Lahadi bayan azahar a zauren gidan Villeurbanne, gaban akwatin wutar da ya bari a buɗe. Alhaji a kan kujera, Shamsiya a tsaye jikin bango, Ilya a tsugune kusa da ƙofa. Ya kira Moussa a salula ya ajiye a kan tebur don ya ji an wanke shi. Sannan ya shimfiɗa hankici, ya jera guntayen wayar da silin da ya ciro.

Ya yi bayani a taƙaice, ba ya kallon kowa. Da ya gama ya juya ga Ilya.

"Ranar da ka same shi, wa ka fara kira?"

Ilya ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa. "Na kashe wuta, na kira Alhaji. Tsoro nake ji, takarduna. Da ya iso, shi ya ce in kira motar asibiti, in sauka in jira su a bakin titi."

"Ke nan, Baba, kai kaɗai ka rage a gidan, wuta a kashe."

Alhaji bai yi musu ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ni na cire. Yaron na kwance can ciki, ni ina nan ina kwance kusa. Allah ya gani, ban da abin faɗi. Na tuna za a rufe gidan, a watsa yara, a kai ni kotu da furfurata." Ya numfasa. "Amma ba ni na sa ba."

"Wa ya sa?" in ji Shamsiya.

Ilya ya fara kuka ba sauti, kafaɗunsa na girgiza.

"Ilya, wa ya sa?"

"Shi ne, Yaya Shamsiya. Safwan ne. Ni na riƙe mishi fitila."

Ta zame jikin bango har ta zauna a ƙasa.

Sauran maganar a gutsure ta fito. Safwan ya yi ta kiran Alhaji tun farkon sanyi, yana cewa tukunya na yoyon wuta, a canja ta, a ja wayar ƙasa. Alhaji na cewa bayan salla, bayan hutu. Jarrabawa ta matso, wuta na ɗaukewa ana tsakiyar aiki, yara na wanka da ruwa kamar ƙanƙara. Ran nan Alhaji ya gaji da kira, ya ce masa ai kai injiniya ne, ka yi mana dabara kafin a samu hali, ga makullin gareji. Safwan ya san abin da yake yi. Ya gargaɗi 'yan gidan su riƙa kashe tukunyar kafin su shiga wanka, shi ke tuna wa kowa. Ranar Talata ya makara, yana sauri.

"Na ce dabara," in ji Alhaji. "Ban ce wannan ba. Ban san wannan ce dabarar ba."

"Ka sani, Baba," in ji Kamalu, muryarsa ƙasa ƙasa. "Da ba ka sani ba, da ba ka san abin da za ka cire ba."

Daga cikin salular aka ji Moussa na salati, sannan layin ya katse.

Shamsiya ta miƙe, ta naɗe hankicin da abin da ke ciki, ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Malam Kamalu, mi zan ce ma Inna? In ce ɗanta ya kashe kansa da hannunsa, ko in ce dattijon da ta ke ma addu'a kullum ya kashe shi?"

Kamalu ya matsa ya buɗe mata ƙofa, ta fita.

*

Shamsiya ta kai maganar wajen lauya a Paris. Lauyan ya ce akwai ƙara, mai gida na da alhakin ba da gida mai aminci, kuma taɓa wurin da aka yi mutuwa laifi ne. Amma ya ce za a yi shekaru, kuma lauyan Alhaji zai tsaya a kan cewa ɗalibin injiniya ne ya tsallake kariya da saninsa. Shaidan gani da ido ɗaya tak ake da shi, Ilya, wanda ranar da ya shiga ofishin 'yan sanda ba lalle ya fito ba. Kafin ta yanke shawara Ilya ya tattara batiransa ya bar Lyon, ba wanda ya san inda ya nufa. Manyan ƙungiya suka yi ta zuwa wurinta da ba da haƙuri. Daga Tawa innarta ta aiko cewa ta bar wa Allah. Shamsiya ba ta ce ta bari ba, ba ta kuma koma wajen lauyan ba.

Kamalu ya yanke wayar tukunyar da hannunsa, ya sanar da hukumar gari halin da gidan ke ciki. Aka amsa masa cewa za a turo mai dubawa, akwai gidaje da yawa a gabansa. Alhaji ya sayo wata tukunyar, ita ma tsohuwa. Wayar ƙasa kuwa sai an fasa bango, an ce sai bazara. A zauren Bron mutane suka daina raɗa da sunan Ilya, suka koma na Kamalu, wanda ya ci abincin dattijo ya tona masa asiri. Ana amsa sallamarsa, ba a matsa masa wuri.

Wata ranar Alhamis da la'asar yana jiran taram a Villeurbanne, jakar na'urorinsa a kafaɗa, sai wani mutum mai gilashi ya matso yana jan akwati, rigar sanyinsa sabuwa fil, ta yi masa yawa. Ya ji Kamalu na amsa salula da Hausa, fuskarsa ta washe.

"Salamu alaikum, ɗan'uwa. Sunana Yakubu, daga Maraɗi, yau na sauka, na zo karatun dakta. Gidan Alhaji Mamane nake nema, an ce ɗaki ya samu."

Kamalu ya dube shi. Ya faɗa masa kome, a tsaye a wurin, bai rage ba: tukunyar, wayar, wanda ya kwana a ɗakin kafin shi. Yakubu ya saurara har ƙarshe, murmushinsa ya tafi. Ya dubi titi, ya dubi sama da ke haɗa hadari, ya dubi akwatinsa.

"Na gode, Allah ya saka. To akwai wani wurin da ka sani? Na yi wata uku ina nema tun daga gida, kowa sai ya ce in kawo mai tsaya mini."

Kamalu ya bi duk gidajen da ya sani a ransa. Nasa ɗaki ɗaya ne, da mata da jariri. Taram ya zo, ya buɗe ƙofofi, ya rufe, ya tafi ya bar shi.

"Ka miƙe nan, ka sha kwana ta hagu wajen kantin burodi," in ji Kamalu. "Ƙofa mai ruwan toka. In za ka yi wanka, ka ɗora ruwa a murhu, ka juye a bokiti. Kada ka taɓa famfon zafi."

Yakubu ya gyaɗa kai, ya kama hannun akwatinsa, ya bi hanyar da aka nuna masa.